Farcen da Ummu Ta Sa wa Kanta

Ummulkulsum ta rasu ranar Laraba da hantsi, kwana goma sha ɗaya bayan ta haihu, a ɗakina nan Tambuwal. Ita ce autata. A Kebbe take aure, amma da yake haihuwar fari ce sai ta zo gida wanka. Kwana biyu tana cewa kanta na sara. Da safen nan na yi mata wankan ganye, ta sha kunun kanwa, ta ba yaron nono, sai jijjiga ta kama ta. Kafin mai mota ya iso ta cika.

Muka sauko da ita daga gadon ƙarfen da mahaifinta ya saya tun yana aikin titi, zamanin da kuɗin mai ya shigo ƙasa, muka shimfiɗe ta a tabarma. Ƙanwata Hadiza ta goya jaririn. Aka buga wa mijinta Ladan waya, aka ce suna hanya shi da danginsa. Maza suka tafi ginin kabari. Cikin damina ne, tsakiyar watan Agusta.

Sana'ar Ummu sa wa mata farcen roba. Wata shida ta yi tana koya a Sakkwato, a wani shagon gyaran gashi. Wata farar hoda ce da wani ruwa mai wari. A tsoma buroshi cikin ruwan, a dangwali hodar, ta zama kamar ƙullu, a shimfiɗa bisa farce, ta daskare ta yi tauri kamar ƙashi. Da ta dawo da wannan sana'a dariya aka yi mata. Aka ce a garin malamai wace mace za ta sa abin da zai hana ruwan alwala taɓa farcenta? Sai ta koma wa masu jego. Mai jego ba ta salla, kuma ranar suna duk wadda ta shigo barka hannunta take kallo in tana miƙo jariri. Cikin shekara guda sai ga shi ana zuwa da babur ana ɗaukarta jajibirin suna, yau Fakku, gobe Jabo, jibi Sanyinna. Abu biyu aka san ta da su. Tana gamawa kafin jaririn ya farka neman nono, kuma ruwan zafin wankan jego ba ya ɓamɓare aikinta. Sai an kusa arba'in ita da kanta take komawa ta cire.

Jajibirin sunan ɗanta ta zauna a ƙofar ɗakin nan ta sa wa kanta, guda goma, ta shafa musu ja irin na zoɓo. Suna hannunta ta rasu. Ni ban ma tuna da su ba sai da Gwaggo Tambaya ta zo.

Gwaggo Tambaya ce ke wankan gawar mata a unguwarmu, tun ina amarya. Ta shigo da sandarta da ƙullin sabulu da turare, ta yi mini gaisuwa a taƙaice, ta durƙusa ta yaye zanen. Ta ɗago hannun Ummu ta kai shi kusa da idonta.

"Atu, mi na na wanga?"

"Farcen roba na, Gwaggo. Na suna."

"Ruwa na shiga ƙarƙashinai?"

"Ba shi shiga."

"To ni ba ni wanka bisa roba."

Ta kama ɗaya ta ja. Bai motsa ba. Ta ce a kawo ruwan zafi, Hadiza ta ɗebo daga tukunyar wankan jego da ke bisa murhu. Gwaggo ta tsoma yatsun, ta jira, ta sake ja. Na ce mata wahala kawai take yi, kwana biyar ina zuba wa hannun nan ruwan da ya fi wannan zafi safe da yamma. Ta kwance gefen zanenta ta fito da reza.

Ban san lokacin da na riƙe mata hannu ba.

"Ba yanke mata akaifa za ni yi ba," in ji ta. "Na san ba a yanke ma mamaci. Ɓamɓarewa za ni yi. Wagga ai ba tata ba ta."

"Tare da nata za shi fita, Gwaggo."

Na san haka don Ummu ta taɓa ba ni labarin wata mata a Jabo da ta gaji da jira ta sa wuƙa ta ɓamɓare nata. Rabin farcenta na gaskiya ya biyo robar, ta yi wata biyu ba ta iya tuƙin tuwo.

Gwaggo ta mayar da rezar cikin takardarta, amma ba ta ɗaure ta ba, ta ajiye a gefen tabarma. Ta ce in tafi in tambayi Malam.

Malam Sambo wan marigayi mijina ne, shi ne limamin unguwa. Na je na tsaya bayan ƙofar zaure na aika da sallama, ya taso ya tsaya ta ɗaya gefen. Na faɗa masa. Ya ce abin da ba jikinta ba ne a cire shi, muddin ba za a ji mata ciwo ba, don mamaci yana da alfarmar da mai rai yake da ita. In kuwa ya ƙi fita, a wanke ta haka nan, lalura ce, ba laifin kowa.

"Amma ki dubi gabas, Atu," in ji shi. "An kusa ƙare gina. In ruwa yas sauko kabari cika za shi yi. Mutanen Kebbe na isowa za mu yi salla."

Na ɗaga kai. Gabas ta fara baƙi daga ƙasa, can bayan bishiyoyin maƙabarta.

Malam ya fi ni sani, ban yi musu ba. Amma na koma ciki da abin a raina. Yarinyar nan duk son kwalliyarta ba ta taɓa yin salla da roba a hannu ba, kuma ba ta taɓa sa wa wata ba sai ta tambaye ta ko tana salla. Wankanta na ƙarshe ke nan, babu wani bayansa. Ba na so a yi shi bisa roba, kuma ba na so reza ta taɓa ta.

Na jawo jakar aikinta daga ƙarƙashin gado na zazzage. Ga hoda, ga ruwan haɗawa, ga buroshi biyu, ga magogin farce. Babu kwalbar ruwan cirewa. Sai na tuna ta ce ta bar shi Kebbe, tunda ba za ta buƙace shi ba sai an kusa arba'in. Ladan kuwa ya riga ya yi nisa a hanya.

Hadiza ce ta ce, "Yaya, sai fa Zahara'u."

Zahara'u tana da shago kusa da tasha. Tare suka koyi aikin da Ummu, ɗaki ɗaya suka zauna a Sakkwato, amma sun fi shekara ba sa magana. Zahara'u ce ta fara, ta ce wa wata mata aikin Ummu aikin gaggawa ne. Maganar ta koma wa Ummu, ita kuma ta ce matan da ke zuwa wurin Zahara'u sai sun yaye ɗan kafin ta gama hannu ɗaya. Wannan ma ta koma. Ko suna Zahara'u ba ta zo ba.

Na ce Hadiza ta kira ta.

Ba a yi minti goma ba muka ji tsayuwar kabu-kabu. Ta shigo da hijabi bisa kayan aiki, takalmanta ba iri ɗaya ba, ta rungume wata farar kwalba da ƙullin auduga. A bakin ƙofa ta durƙusa. Ta daɗe tana kallon fuskar Ummu, hawaye na zuba, ba ta yi sauti ba. Sannan ta share ido da hijabin ta ce, "Inna, Allah shi jiƙan ta. A kashe wutar can. Abin nan ba shi son wuta ko daga nesa."

Hadiza ta kwara wa murhun ruwa.

"Lokaci nawa?" Gwaggo ta tambaya.

"Minti ashirin, in an goge saman."

"Minti ashirin irin na agogo ko irin naku na shago?"

"Na agogo, Gwaggo."

Ta ba ni magogi ɗaya ta ɗauki ɗaya. Ta nuna mini yadda zan goge jan da ƙyallin saman, kada in matsa, kada in kai ga fata. Ita ta kama hannun hagu, ni na dama. Yatsun sun fara ƙin lanƙwasuwa. Jan gari yana zuba bisa tabarma.

Tana cikin gogewa sai ta tsaya, ta karkata yatsan wajen haske, ta bi shi da babban yatsanta tun daga gindi har baki.

"Ɗigo ɗaya na," ta ce, kamar da kanta take magana.

"Mi?"

"Ni ɗigo uku nika sawa, Inna. Ɗaya ga baki, ɗaya tsakiya, ɗaya ga gindi, sannan in zauna gugar mahaɗinsu. Ki duba nan, babu mahaɗi. Ɗaya taka ɗauka babba. To ƙaƙa taka yi ba shi malalewa ga fata?"

Na faɗa mata abin da na sha gani. Takan ajiye ɗigon kusa da gindi, ta karkata yatsan ƙasa, ya gangara da kansa, ita buroshin tarewa kawai yake yi. Kuma ba ta gama hannu ɗaya sannan ta koma ɗayan. Ƙaramin yatsan hagu, ƙaramin yatsan dama, na kusa da shi, na kusa da shi, wannan na bushewa tana kan wancan. Robobin da ake ƙara tsawo da su kuwa tun mace na da ciki take zuwa ta auna ta, ta yanke su daidai, ta jera goma a jikin guntun kara ta ajiye. Ranar aiki ɗauka kawai take yi ta manna.

Zahara'u ta saurara har na gama.

"Shekara guda ina tambayar mutane," ta ce.

"Da ita kinka tambaya da ta faɗa miki."

"Dariya za ta yi min."

"Da ta yi. Sannan ta faɗa miki."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da guga.

Da muka gama ta yayyage auduga goma, ta jiƙa kowace da ruwan kwalbar ta ɗora bisa farce. Sai ta laluba jakarta ta ce ta manto takardar naɗewa, wadda ke hana ruwan bushewa. Hadiza ta fita da gudu ta dawo da kwando. Takardun magi ne masu ƙyalli, na girkin suna, da aka tara ba a zubar ba. Muka warware su, biyu biyu, muka naɗe yatsun muka ɗaure da zaren da na warware daga bakin wani tsohon zane.

Wari ya cika ɗakin. Gwaggo ta ja mayafi ta toshe hanci.

"Kananzir ma ya fi wanga daɗi," ta ce. "Allah ya ba ku goma kyauta, kun tafi birni kun sawo goma."

"Ke ma ai kin yi ƙunshi zamaninku, Gwaggo."

"Lalle na hana alwala? Ki yi aikinki, 'yar tasha."

Muka zauna jira. Zahara'u ta ajiye wayarta a kan tabarma muna kallon lokaci. Mata sun cika tsakar gida, ana ta shigowa gaisuwa, Hadiza tana tare su a ƙofa. Can sai muka ji tsayuwar mota da sallamar maza da yawa. Mutanen Kebbe sun iso.

Minti ashirin suka cika. Zahara'u ta kwance ɗaya, ta sa tsinke ta tura. Saman kawai ya yi laushi, ƙasan yana nan kamar dutse. Ta kwance na biyu, haka. Ta buɗe kwalbar ta sansana, ta ce sabuwa ce, shekaranjiya ta buɗe ta, jiya ma ta yi aiki da ita. Ta ƙara jiƙa audugar, ta mayar. Kwalbar ta koma ƙasa da rabi.

Iska ta taso, labulen ƙofa ya fara kaɗawa. Hasken ɗakin ya ragu. Hadiza ta leƙo ta ce Malam ya ce a faɗa mana an kawo makara.

Minti goma muka ƙara. Ta sake kwancewa. Ya ɗan fi na farko, amma kaɗan. Na ga Gwaggo ta kalli inda ta ajiye reza, ta kalle ni.

"Atu, ɗaya cikin biyu. Ko in sa hannu, ko mu bi maganar Malam."

Zahara'u tana riƙe da hannun Ummu cikin nata, tana juya shi, tana duba naɗin ko ta yi kuskure. Sai ta tsaya cak. Ta ɗora bayan hannun a kumatunta.

"Sanyi," ta ce. "Inna, sanyi na. Ruwan nan sai da ɗumi shika aiki. Lokacin ɗari in mace ta zo min da hannu ƙanƙara, sai na sa ta ta cusa shi hammata. Ban taɓa yi ma wanda bai da ɗumin jikinai ba."

Gwaggo ta ce a kawo ruwan zafi a ɗora hannun bisa kwano. Hadiza ta taɓa tukunyar ta ce ta huce, itacen kuma mun jiƙa shi da hannunmu. Kafin a hura wata wutar a maƙwabta a dafa, hadari ya sauko.

Na matsa jikin Ummu ta dama. Na ɗage rigata, na sassauta zanena, na ɗauki hannunta da naɗinsa duka na kwantar a cikina, na mayar da zanen na ɗaure, na danne da hannuwana biyu. Sanyin ya ratsa ni har baya. Zahara'u ta dube ni, sannan ta cire hijabinta, ta kwanta a gefen hagu bisa gwiwar hannu, ta cusa ɗayan hannun a hammatarta ta matse.

Gwaggo ta dube mu. Ta dafa sandarta ta miƙe, ta jawo bargon da ke kan gado, ta rufe mu mu uku, ta koma ta zauna tana jan carbi.

A haka muke sai muryar Malam Sambo ta zo daga bakin zaure, ya ɗaga ta yadda za mu ji. Ya ce a yi haƙuri a fito da ita, iskar ruwa ce wannan.

Na ce wa Hadiza ta kira mini Ladan. Ta tsaya tana kallona. Shekara biyu da auren, ban taɓa kiran sunan yaron nan ba, ban taɓa yi masa magana ba sai ta bakin wani. In ya zo gaisuwa daga nesa yake durƙusawa, ni kuma in amsa ina kallon ƙasa. Na ce ta je.

Na ga ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule, babu takalmi, duk taɓo.

"Ladan."

"Na'am, Inna."

"Matarka ta. Kai ka da iko. Akwai roba ga hannunta, muna cirewa, ya kusa. Ina roƙon ka rubu'in awa."

Na ji yana jan numfashi.

"Na suna?" ya ce.

"Shi."

"Ni nis sawo mata jan." Ya gyara tsayuwa. "Malam ramin shika ji ma tsoro, Inna. Akwai tamfol cikin motar da munka zo. Za ni in rufe shi da kaina. Ku yi a hankali."

Ƙafafun suka juya. Na ji maganganu sun tashi a zaure, wani dattijo yana cewa ba a taɓa yin haka ba, Malam Sambo yana cewa tunda mijinta ya faɗa a bar shi. Sannan na ji an buɗe bayan mota.

Muka ci gaba da zama ƙarƙashin bargo. Zufa ta fara karyo mini. Ina jin gefen takardun suna sukar fatata, ruwan yana tsatsowa yana yi mini zafi kamar barkono. A hankali sanyin ya daina. Ban san ko hannunta ne ya ɗauki ɗumina ko cikina ne ya saba ba. Rabon da in riƙe hannun Ummu haka tun tana 'yar shekara shida, da ta yi ƙyanda. A ƙarƙashin bargon nan ban yi kuka ba. Ina jin yatsun ɗaya ɗaya ta cikin zane, ina karanta abin da na iya.

Zahara'u ce ta fara zaro nata. Ta kwance ƙaramin yatsa, ta sa tsinke. Robar ta tattare ta taho kamar danƙo. A ƙarƙashi ga farcen Ummu, gajere, fari, ba ko ƙwarzane.

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo, ba ta daina jan carbi ba.

Biyar na hagu suka fita ɗaya bayan ɗaya. Na zaro na dama. Huɗu suka fita, amma da ƙyar, sai da ta yi ta turawa. Babban yatsa ya ƙi. Zahara'u ta ce dole na dama ya fi kauri, da hagu ta yi shi, kuma babban yatsa shi ne ƙarshe, hannu ya gaji. Ta kifa kwalbar bisa auduga. Ɗigo biyu suka fito.

Ruwa ya fara buga kwanon rufi, ƙwaya ƙwaya.

Ta tattara audugar sauran yatsu tara, ta matse su da ƙarfi bisa guda ɗaya har ta jiƙa. Ta ƙara goge robar da magogi ta rage mata kauri, ta ɗora, ta naɗe da takarda uku. Na dunƙule yatsan cikin tafin hannuna, na kai bakina ina hura masa numfashi. Warin ya shiga maƙogwarona, idona ya yi ta ruwa. Ban daina ba sai da ta taɓa kafaɗata.

Rabi ya fita. Sauran rabin ya manne a gefe ɗaya, wajen fata. Zahara'u ta yi ta turawa, tsinken yana zamewa.

"Kawo nan," in ji Gwaggo.

Na dube ta. Ta tura rezar ƙarƙashin tabarma da ƙafarta don in gani. Ta karɓi yatsan, ta sa nata farcen, mai kauri, ja da tsohon lalle, ta fara kankarewa kaɗan kaɗan, kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro. Ba ta gani sosai, da taɓawa take yi. Ta daɗe. Sannan ta hure yatsan, ta shafa.

Ba ta yarda da mu ba sai da ta bi goman duka. Ta sa Hadiza ta ɗage labule, ta ɗauki kowane yatsa ta karce shi da farcenta, ta saurari ƙarar. A na tsakiyar hagu ta sami ɗan saura a gindi, ta harari Zahara'u, ta cire.

"To," ta ce. "Wadda ba ta wanka ta fita. A kawo ruwa."

Zahara'u ta tattara takardun da audugar da jan garin cikin kwandon, ta sa hijabinta. Ta fita wajen mata. Ni ma na yunƙura zan tashi, don ban taɓa tsayawa wankan wani nawa ba.

"Ke zauna," in ji Gwaggo. "Ke za ki zuba min."

Ta yi niyya, ta ɗauki hannun dama. Na karkata buta. Ruwan ya bi bayan hannun, ya shiga tsakanin yatsu, ya wanke farcen biyar, ya zuba cikin kwarya. Ta ce in ƙara, na ƙara, har sau uku. Sannan na hagu.

Da muka gama muka sa mata likkafani, ruwan sama ya riga ya kece. A cikinsa suka yi mata salla a ƙofar gida, a cikinsa suka ɗauke ta. Malam Sambo ya faɗa mini da yamma cewa sun tarar da Ladan tsaye a bakin kabarin shi da ƙaninsa, sun danne tamfol da duwatsu ta gefe uku, sun riƙe na huɗun da hannu saboda iska. Da aka yaye, ramin a bushe yake.

Sai da na zo alwalar la'asar na duba cikina. Inda hannunta ya kwanta fatar ta yi fari, wuri biyar, a jere. Ta yi kwana uku tana zafi, sannan ta saɓe.